Nauyin Agwagwar Baba

Halder, Kansas
20 ga Oktoba

Aikin farko yau: shafa wa farantin mariƙin tirela maiƙo. An yi, ƙarfe shida da rabi.

Yaya Marlys,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida Duane, da kuma aikin asibiti. Ki yi haƙuri da layin da ke sama. Daga littafin ayyukana na yago takardar, kin kuma san ba na goge abin da na riga na rubuta. Da kunnenki yana jure waya da na kira ki, amma tun muna yara takarda ce ke tsakaninmu.

Mama ta tsayar da magana: bana za ta tafi Texas. Shekara goma sha huɗu ita da Baba suna gudun sanyi zuwa sansanin nan na tsofaffi da ke kudu, bara ce kawai jinyarsa ta hana. Ta ce ƙawayenta na karta suna jiranta, filinsu mai lamba talatin da ɗaya yana nan ba a ba kowa ba. Likita ma ya ce ƙirjinta zai fi son ɗumin can. Na ce zan kai ta, in kafa mata komai, in dawo. Na nemi hutun kwana goma da zarar an gama girbin dawa. Yanzu dai mota ɗari da wani abu nake aunawa kullum a sikelin rumbu, idona har yaji yake yi da yamma.

Na san abin da za ki tambaya. E, da motata zan ja Agwagwa, tirelar nan ta su Baba mai ɗakin kwana da na girki. Babbar motar Baba mai tayoyi huɗu a baya ni na ba Mama shawarar sayar da ita bayan rasuwarsa, don tana zaune ne kawai tana tsatsa. Wani lokaci ina tunanin na yi gaggawa. Amma littafin a-kori-kurata ya ce tana jan abin da ya fi Agwagwa nauyi, na karanta shafin sau uku. Na ɗauko farantin ƙarfen Baba da ake maƙala tirela a kai daga sito na sa an ɗaure shi a tsakiyar bodi, daidai kan tayoyin baya. Ranar Asabar na gwada. Na saukar da murfin baya, na yi baya a hankali har ƙusar wuyanta ta faɗa bakin farantin, na ji ya kama, na leƙa da tocila na tabbatar, na ɗan fizga gaba da birkinta a riƙe kamar yadda Baba yake yi. Ba ta motsa ba. Na zaga da ita filin coci babu kaya a ciki. Ta bi ni lafiya lau, tana ɗan rangajin nan da ya sa Baba ya raɗa mata sunan.

Abu ɗaya ne ya ɗan dame ni. Da na sauke wuyanta a kan motar, bayan ya zauna fiye da yadda na zata. Wataƙila idona ne, don na saba ganinta a kan ta Baba.

Mama ta sake tayar da zancen dutse. Kin san lambun nan na sansanin, inda duk wanda ya rasu iyalinsa suke kawo dutse daga garinsu su kafa. Ita turken dutsen nan na shingen kusurwar gona take so, wanda Kaka ya fasa da hannunsa, inda Baba yake jingina yana kallon alkama. Na ce mata abin da kika ce, a sayi ƙaramin allo a can a rubuta sunansa. Ta ci gaba da jera kwalaben tumatir.

Ki gaida Duane. Na bar ki lafiya.

Ƙanenki,
Galen

*

Omaha
25 ga Oktoba

Auta,

Na samu takardarka, har da maiƙon faranti. Muna lafiya, Duane yana gaishe ka, ya ce a tambaye ka ko har yanzu kana rubuta yawan ƙwan da ka ci da safe.

Bari in yi maka maganar asibiti, ba ta 'yar'uwa ba. Mama shekararta saba'in da takwas, ƙashinta kamar alli yake. Faɗuwa ɗaya ta ishe ta. Ni da so samu ne ta taho nan, akwai ɗaki a gidan kula da tsofaffi da ke bayan layinmu, zan gan ta safe da yamma. Na sa sunanta a jerin masu jira tun watan Agusta, ban gaya mata ba, kai ma kada ka gaya mata. Amma ba ni da zuciyar hana ta Texas idan tafiyar lafiya ce.

Duane ya ce in gaya maka ba abin da mota ke ja ba ne magana, abin da take ɗauka ne. Wai akwai wata takarda ruwan ɗorawa manne a jikin ƙofar direba, ita ce ke faɗin iyakar nauyin da za a ɗora, har da mutanen ciki. Ya ce kowa yana kallon lambar littafi don ta fi daɗin gani. Na ce masa ƙanena shekara ashirin da biyu yana kan sikeli, ba shi za a koya wa awo ba. Kada ka ba ni kunya.

Ga sharaɗina, guda ɗaya ne. Ku loda komai, ruwa da gas da kwalaben Mama, ka hau sikeli, ka rubuto mini lambar. In tana ƙasa da ta jikin ƙofa, ku tafi da albarkata. In ta haura, ka je wurin Baba Orval ka ari tasa. Abokin Baba ne shekara hamsin, gonarsa na jikin tamu, ba zai hana ka ba. Na san kuna 'yar tsama tun da ya ce ba a haife ka don noma ba, amma wannan kai kana aji uku a sakandare aka yi.

Ka rungumar mini Mama. Ka ci abinci.

Yayarka,
Marlys

*

Halder
3 ga Nuwamba

Aikin farko yau: ƙara wa tayoyi iska. An yi.

Yaya Marlys,

Gaisuwa da fatan alheri. Mun gama lodi ranar Asabar. Jiya Lahadi bayan an tashi daga coci na kai su sikeli, da yake babu layin motoci. Takardar ƙofa ta ce laba dubu ɗaya da ɗari huɗu da tamanin. Muna ƙasa da haka, akwai rarar wajen laba ɗari biyar. Na gaya wa Mama ma, ta ji daɗi ƙwarai. Tikitin awon na bar shi a ofis, zan aiko miki daga baya.

Ba sai an ari motar kowa ba. Ranar Juma'a na shiga shagon kofi na tarar da Baba Orval da mutanensa a teburin nan na bakin taga. Ya ce, "Ga direban Agwagwa nan. Galen, da motar cefanen nan za ka ja gidan babanka Alvin? Ka sa mata ƙwai da madara a baya dai, ta san aikinta." Aka yi dariya. Kin tuna Baba ne ya fara kiranta motar cefane, ranar da na kawo ta gida. Na yi murmushi na karɓi kofina na fita. Da na kai ƙofa ya ɗaga murya ya ce makullin tasa na rataye a ƙusar sito, in na ga dama. Na ce na gode.

Za mu tashi Alhamis da sassafe. Kwana uku na tsara, ba zan wuce gudun mil hamsin da biyar ba, zan tsaya duk bayan awa biyu in taɓa tayoyi. Takardar ta yi gajarta, akwai ayyuka da yawa.

Na bar ki lafiya.

Galen

*

Wani masauki a Oklahoma
7 ga Nuwamba

Marlys 'yata,

Ina gaishe ki, ina gaida Duane. Zauna kafin ki karanta, kuma kada ki tashi hankalinki, da rai da lafiya nake rubuto miki. Hannun hagu ne kawai, wuyan hannu ya tsage, sun sa mini filasta har gwiwar hannu. Na hana Galen ya kira Duane don na san kafin a ajiye waya kin kama hanya.

Jiya wajen ƙarfe biyu na rana, mun shigo Oklahoma ke nan, iska tana bugun mu ta gefe kamar mai jin haushi. Ina ɓare lemo. Sai na ji kamar an harba bindiga a ƙarƙashin kujerata. Tayar baya ce ta fashe. Motar ta karkata, na duba madubi na ga Agwagwa tana neman ta zagayo ta gaishe mu ta taga. Ki ji abin da ƙanenki ya yi: ya riƙe sitiyari, ya miƙa hannu ya danna birkin tirela, ya bar motar ta gangara da kanta har muka tsaya a cikin ciyawa. Babanku ma iyakar abin da zai yi ke nan, shi kuma da zagi zai haɗa. A nan ne hannuna ya bugi ƙofa. Kwalaben tumatir goma sha ɗaya sun fashe a ciki, in kika ga ɗakin girkin sai ki ce an yanka sa.

Yanzu ga abin da nake jin nauyin faɗa. Mai janwe da ya zo ya ce a buɗe masa ma'ajiyar gaba, ta ƙarƙashin wuyan Agwagwa. Ya ɗaga bargo ya tsaya yana kallo, ya ce, "Iya, gida za ki gina a Texas ɗin ne?" Turken dutsen Babanku ne. Ni na sa Orval ya tono shi da tarakta ranar Talata, Galen yana wurin aiki, muka tura shi ciki na kulle na riƙe makulli. Ban yi da ka ba, Marlys. Galen ya ce akwai rarar laba ɗari biyar. Na sa Orval ya ɗora dutsen a sikelin shanunsa, ɗari uku da tamanin. Na ce to ai ya shiga har da canji. Orval ya yi ta gunaguni, na ce masa ɗana ne mai sikelin garin nan, ba shi ba. Ashe lissafin tsohuwa ne. Ko sikelin shanun ne ya yi ƙarya, oho.

Da yaron nan ya ga dutsen sai ya zauna a bakin titi ya dafe kai. Na ba shi haƙuri ya fi sau goma, ko kallona ba ya iya yi. Kada ki yi masa faɗa, laifina ne ni kaɗai. Orval yana hanya da babbar motarsa, zai ja Agwagwa ya mayar da ita gida, mu kuma mu bi shi a baya da sabuwar taya.

In hannun ya warke, ko a watan gobe ne, zan so a sake gwadawa. Na gaya miki tun yanzu.

Allah ya yi miki albarka.

Mamanki

*

Omaha
11 ga Nuwamba

Galen,

Ina gaishe ka, da ban gajiya, da jaje. Takardar Mama ta zo jiya, na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, sai da Duane ya fito ya riƙe ni.

Na gode maka. Ka yi duk abin da na ce, ka auna, ka bi a hankali, kuma hannunka ne ya hana abin ya zama jana'iza. Na tuna yadda na rubuto maka kamar ina koya wa yaro, na ji kunya. Ka yafe mini.

Amma ka ga abin da nake tsoro. Macen da za ta ɓoye dutse mai nauyin mutum biyu a cikin tirela, ta kulle, ta zauna tana ɓare lemo, ba wadda za a bari ita kaɗai wata huɗu a nisan mil dubu ba ce. Ba ta san abin da take yi ba, Auta, kuma haka abin yake farawa, ina gani kullum a wurin aiki. Gidan nan sun kira, ɗaki ya samu daga ɗaya ga Disamba. Na karɓa. Za mu zo bikin godiya na ƙarshen watan nan ni da Duane, mu gaya mata tare, mu taho da ita. Agwagwa kuma a nemi mai saye.

Ka huta. Ba laifinka ba ne.

Marlys

*

Halder
15 ga Nuwamba

Aikin farko yau: wannan takardar. Kwana uku tana kan jerin ayyukana ina tsallake ta.

Yaya Marlys,

Ina gaishe ki. Ban san ko za ki amsa gaisuwar ba in kin kai ƙarshe.

Ga tikitin awon nan a cikin ambulan. Ba a ofis na bar shi ba, yana cikin littafina tun ranar. Ki duba layi na uku. Laba dubu ɗaya da ɗari tara da talatin, bayan an haɗa da nauyina da na Mama. Takardar ƙofa ta ce dubu ɗaya da ɗari huɗu da tamanin. Wato mun haura da ɗari huɗu da hamsin, kuma wannan ranar Lahadi ne, dutsen yana nan a kusurwar gona ba a taɓa shi ba sai Talata.

Zan faɗa miki yadda aka yi bi da bi, don in na tsallake wani wuri zan sake samun inda zan ɓuya.

Kin san dokar wurin aikinmu, tun kafin a ɗauke ni take: mai sikeli ba ya auna kayansa ko na danginsa. In motar ɗan'uwa ta hau, sai in tashi Twila ta ofis ta zauna a kujerar. Ko lokacin da Baba yake kawo alkama haka muke yi, yana tsokanata ta taga wai ina gudun ubana. Shekara ashirin da biyu ban karya ta ba. Ban zaɓi Lahadi don babu layi ba. Na zaɓe ta don babu Twila. Tun ranar da na ga bayan motar ya zauna na san abin da sikelin zai ce.

Na auna motar ita kaɗai. Na koma na ɗauko Agwagwa, na hau da tayoyin motar kawai, na shiga na buga tikiti. Na ce wataƙila akwai laka a kan dandamali, na ɗauki tsintsiya na share, na sake. Na zubar da rabin ruwan tanki, na sake. Lambar ta ɗan sauka, ba ta kai ko kusa ba. Na durƙusa na leƙa ƙarƙashi, na ga sifirin, ƙarfen nan mai lanƙwasa da ke ɗauke da nauyin baya, ya miƙe sarai, sauran kaurin yatsa ɗaya ya zauna a kan robarsa.

Daga nan na nufi gonar Baba Orval, da gaske na nufa. Na kai bakin ƙofar shingensa na gan shi a gaban sito yana wanke bokiti. Ya ɗaga mini hannu. Na ɗaga masa, na wuce. Abin da na ji a kunnena shi ne teburin bakin taga ranar Litinin, da yadda za a ce motar cefane ta durƙusa tun ba a bar gari ba. Na kuma tuna ni na sa aka sayar da ta Baba. Iyakar dalilina ke nan, Yaya. Na juya shi ta kowane gefe ban samu wanda ya fi shi ba.

Na ce wa kaina masu ƙera mota kullum suna barin rara. Na ce zan tafi a hankali. Na ƙara wa tayoyin iska fiye da abin da aka rubuta a jikinsu. Da na zauna rubuta miki, na fara sa rarar laba ɗari, sai na ga za ki ce ta yi kaɗan ki tura ni wurin Baba Orval. Shi ne na yage na sa ɗari biyar. Har a littafina ɗari biyar na rubuta, shafin biyu ga Nuwamba, littafin da babu mai karantawa sai ni.

Don haka Mama ba ta ruɗe ba. Ta tambayi mai sikeli, ya ba ta lamba. Ta auna dutsenta, ta cire wannan daga wancan, ta ga ya shiga. Duk cikinmu ita kaɗai ce ta yi lissafi da gaskiya. Ɓoyewar kuwa, mu muka jawo, ni da ke, da muka mayar da turken Kaka zancen ƙaramin allo.

Tun da muka dawo take ba ni haƙuri. Da hannu ɗaya ta yi mini burodin nama da kabeji jiya, ta kawo har ɗakina. Na kasa ci. Yau da safe na ajiye tikitin a gefen kofinta na gaya mata duka. Ta sa tabarau ta karanta, ta daɗe a kai. Sannan ta ce, "To, Galen, sai ka dawo mini da haƙurin da na yi ta ba ka kwana tara." Na ce ban san yadda zan yi ba. Ta ce, "Ni ma ban sani ba. Miƙo mini sukari." Da na miƙa sai ta ce, "Da na mutu a ciyawar nan, da haka za ka bar Marlys tana cewa uwarta ta haukace?" Ni kaina ban tabbata da amsar ba. Wannan ya fi filastar ci mini rai.

Na kuma karya miki alkawari, na gaya mata zancen ɗakin. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta tsaya a taga tana kallon Agwagwa.

Ba na roƙon komai don kaina. Godiyar da kika yi mini ki karɓe abarki. Abin da nake roƙo, kada a ɗauke Mama daga gidanta da ƙawayenta saboda lambar da ni na ƙirƙira.

Na bar ki lafiya, in kin yarda.

Ƙanenki,
Galen

*

Omaha
19 ga Nuwamba

Galen,

Na samu. Na karanta sau biyu, na ba Duane ya karanta, ya fita ya daɗe a gareji.

Ba zan rubuta abin da ke raina ba, don kai mai ajiye takardu ne, za ka yi shekara ashirin kana karantawa. Na rubuta wa Mama dabam na ba ta haƙuri, wannan tsakanina da ita ne.

Ban soke ɗakin ba. Na ce su riƙe shi har ɗaya ga wata. Kafin nan ina son tikiti ɗaya: motar Baba Orval, Agwagwa a kanta, dutsen a ciki, Mama a kujera. Ba sa hannunka ba, na Twila. Kuma kai za ka gaya wa Twila dalili da bakinka, kai za ka je wurin Baba Orval da ƙafarka. In likita ya yarda da hannun, in tikitin ya zo, ni da kaina zan kira gidan nan, ko da kunnena ba zai ji abin da suka ce ba.

Ka ci burodin da ta yi maka. Da hannu ɗaya ta yi.

Marlys

*

Halder
24 ga Nuwamba

Aikin farko yau: gonar Baba Orval, ƙarfe bakwai. An yi.

Yaya Marlys,

Gaisuwa. Ga tikitin. Sa hannun Twila ne a ƙasa. Rarar ta haura laba dubu, da dutse da Mama da komai.

Na tarar da shi a sito. Na faɗa masa duka a tsaye, hulata a hannu. Ya gama zuba wa shanu abinci tukuna, sannan ya ce, "Tun ranar da muka binne Alvin na canja mata mai, na ce yaron nan zai zo. Ka daɗe a hanya." Ya ciro makullin daga ƙusa. Ya ce kada in kuskura in sa mata cefane. Ina ganin teburin bakin taga zai ji labari, ban roƙe shi ya rufa ba.

Na gaya wa Twila da bakina. Ta ce in tashi daga kujerar, na tashi. Na tsaya a waje kamar kowane direba har ta miƙo tikitin ta taga.

Likita ya ce in hoton ƙashin ya yi kyau ranar Laraba za a iya tafiya da filastar. Mama tana magana da ni, amma makullin ma'ajiyar gaba yana aljihunta. Muna sa ran ganinku Alhamis, ranar bikin godiya.

Na bar ki lafiya.

Galen

Ayyukan gobe:

Wanke sauran tumatir a ƙarƙashin murhun Agwagwa, har yanzu yana wari.
Gwada fitilu da birkin tirela a motar Baba Orval.
Ciro farantin Baba daga motata, a mayar da shi sito.
Cike ramin da turken ya bari a kusurwar gona kafin saniya ta faɗa.
Tambayar Mama ta wane gefe take so dutsen ya fuskanta a can.
Littafi, shafin biyu ga Nuwamba: a ja layi ɗaya a kan ɗari biyar, yadda za a iya karanta ta, a rubuta ta gaskiya a gefe.